Nazarin lamari: injiniyan da kamfani ya kasa sakewa, shi kuma ya kasa gaba

## Yadda aka faro: 2019 zuwa 2022

Kamfanin yana Abuja. Sana'arsa biyan kuɗi ta na'urar POS da manhajar waya, kuma galibin wakilansa suna Kano da Kaduna da garuruwan da ke tsakani. An sakaya sunansa, an kuma sakaya na ma'aikacin da wannan nazari ya bibiya. Sashen fasaha yana da injiniyoyin manhaja bakwai, a ƙarƙashin shugaba ɗaya wanda yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin. Matakin aiki biyu ne kawai a sashen: injiniya da babban injiniya. Babu takardar da ta fayyace abin da ya raba su. Shugaban sashe ne yake duban mutum ya ce ya kai, ko ya ce a ƙara masa lokaci.

Ma'aikacin ya shigo a 2019, yana gama bautar ƙasa. A watan Yunin 2020 umarnin Babban Bankin Najeriya ya fara aiki, wanda ya rage wa'adin warware cinikin POS da ya maƙale zuwa awa 72. Kafin nan ma'aikatan lissafi ne suke zama da Excel suna bin layi ɗaya bayan ɗaya, su zaƙulo wanda aka cire wa kuɗi amma kuɗin ba su isa ba. Wannan ba ya ƙarewa cikin kwana uku, sai aka ɗora masa rubuta tsarin da zai riƙa daidaita lissafin da kansa.

Kowane dare da ƙarfe biyu tsarin yana janyo fayilolin da bankuna da kamfanonin sarrafa kati suka aiko, ya gwada su da kundin kamfanin. Cinikin kati ana gane shi da lamba mai harufa 12, turawa ta hanyar NIBSS, kamfanin da ke haɗa turawar kuɗi tsakanin bankunan Najeriya, kuma da lamba mai harufa 30. Wanda ya dace ya wuce. Wanda bai dace ba yana faɗawa jerin matsaloli: an cire ba a saka ba, an saka sau biyu, ko an aika amsa ba ta dawo ba. A baki abu ne mai sauƙi, amma kowane banki da halinsa. Wani yana sa wata kafin rana, wani ya ƙara ginshiƙi a fayil ba sanarwa, wani fayil ɗinsa ya bi ta Excel ya zubar da sifirin farkon lamba, wani kuma sai ya haɗa cinikin Juma'a da na Litinin a fayil ɗaya. Duk ranar da irin wannan ta taso, injiniyan ya ƙara layi biyar ko goma a kod ɗin, wato rubutun umarnin da manhajar ke bi, aiki ya ci gaba. Dalilin kowane layi yana kansa, ba a rubuce ba.

A ƙarshen 2021 aka ba shi babban injiniya. Shekara biyu da rabi da shigowarsa ke nan, ya kai ƙarshen matakan da ake da su.

Sashen kula da ma'aikata yana raba takardar tambayoyi a Afrilu da Oktoba. Suna amfani da gajeren ma'aunin nan mai tambayoyi tara na masanin halayyar ma'aikata Wilmar Schaufeli da abokan aikinsa, wanda aka sani da ma'aunin Utrecht, ya kuma fito a 2006. Abu uku yake aunawa: kuzarin da mutum yake ji a bakin aiki, yadda yake alfahari da aikin yana ganin ƙimarsa, da yadda yake nutsewa a cikinsa. Amsa tana tashi daga 0, wato bai taɓa jin haka ba, zuwa 6, wato kullum. A sashen mutum bakwai sirrin irin wannan takarda suna ne kawai, shi kuma daga baya ya yarda a duba tasa. A Oktoban 2022 yawancin amsoshinsa 5 ne.

## Lokacin ƙarancin takardun kuɗi: Janairu zuwa Afrilun 2023

Sababbin takardun naira 200, 500 da 1,000 sun fito ranar 15 ga Disamban 2022. Aka sa 31 ga Janairu a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin za su ci gaba da aiki. A tsakanin nan mai shayi da mai kayan miya duk suka koma karɓar turawa. Bankuna suka riƙa shaƙewa, jerin matsalolin da ake samu da safe ya ninninka, wakilai suna kira suna cewa kwastoma na tsaye a kansu.

Injiniyan ya koma kwana a ofis. Ya sauya tsarin daga gudu sau ɗaya a dare zuwa duk bayan awa guda. Ya kuma ƙara mataki: kafin a mayar wa kowa kuɗi, sai an sake tambayar bankin matsayin cinikin, domin da yawa daga waɗanda ake zaton sun gaza suna shiga bayan awa biyu ko uku, a wayi gari an biya mutum sau biyu.

A takardar Afrilun 2023, bayan watannin da ya fi wahala a duk zamansa, amsoshinsa 5 da 6 ne. Ba su taɓa kai haka ba.

## Sanyin jiki: Mayu zuwa Oktoban 2023

Guguwar ta lafa, aikin ya koma yadda yake: banki ya sauya fayil, waya ta yi ƙara da tsakar dare, a gyara, a koma barci. Dare biyu ko uku a mako ana tashinsa. Bai taɓa ɗaukar hutun da ya wuce kwana uku ba, ko Sallah ya je gida da kwamfutarsa yake tafiya.

A Yuli kamfanin ya yanke shawarar gina sabon tsarin ba wakilai ƙaramin rance. Shi ne babban aikin shekarar, sai aka ba injiniyoyi biyu da suka shigo bayansa. Ya nemi a sa shi, har sau biyu. Amsar shugaban sashe ita ce babu wanda zai riƙe daidaita lissafi idan ya matsa, a bar kaza cikin gashinta. Da nufin yabo ya faɗa.

Babu wanda ya lura da wuri, domin abin da kamfanin yake ƙirgawa bai motsa ba. Koke-koke suna rufuwa cikin wa'adi, ba ya makara, ba ya fashi. Abubuwan da ba a ƙirgawa ne suka tafi. A da idan ƙaramin injiniya ya kawo kod don bita, yakan rubuta masa bayani mai tsawo, ya nuna inda abin zai karye idan mutum dubu suka danna lokaci ɗaya. Yanzu kalma ɗaya yake sawa ya wuce. Zaman da yake yi da ƙanana ranar Juma'a bayan masallaci ya mutu ba tare da an ce an daina ba. A taron Litinin sai an kira sunansa yake magana. A Agusta wani abokin aikinsa ya tafi Ingila.

Takardar Oktoba ta dawo da 3 da 2. Mafi ƙanƙanta su ne tambayoyin da suka shafi zumuɗin aiki da jin cewa aikin yana zaburar da shi.

## Gwaji na farko, kuɗi da kwas: Nuwamban 2023

Shugabannin suka ɗauka matsalar kuɗi ce, kuma suna da hujja. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, litar fetur a Abuja ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa 537, a Yuli ta kai 617. A tsakiyar Yuni aka saki naira kasuwa ta yanke farashinta, dalar da take wajen 460 a farashin hukuma ta haura 700 cikin 'yan kwanaki. Aka ƙara masa kashi 30 cikin ɗari, aka kuma biya masa rajistar shekara a wani dandalin koyo ta intanet.

Ya yi godiya, ya ɗan sake na 'yan makonni. Amma hauhawar farashi ta kai kashi 28.92 a Disamba, zuwa Fabrairun 2024 kuma dala ta kai wajen naira 1,500. Ƙarin ya toshe rami ne kawai, bai ɗaga shi ba. Kwas kuwa ya kammala guda biyu, kan yadda ake tsara manhajar da ke gudu a kan saba da yawa, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da manhaja, ya karɓi takardun shaida. Washegari ya koma gyaran fayil ɗin bankin da ya zubar da sifiri. Daga baya ya ce kwas ɗin ƙara masa takaici ya yi, domin ya nuna masa abin da ake yi a wasu wurare, sannan takardun sun fi amfani wajen neman aiki a waje.

## Gwaji na biyu, muƙami: Fabrairu zuwa Mayun 2024

Da kuɗi ba su yi ba, sai aka ce girma yake so. Tun da babu mataki sama da babban injiniya, aka ƙirƙiri shugaban rukuni, aka sa mutum huɗu a ƙarƙashinsa. Ba a ɗauke masa komai daga tsohon aikin ba. Aka ƙara masa wajen awa goma na taro a mako, da sa hannu a takardar hutu, da rubuta kimar aikin mutane, ba tare da an koya masa ko ɗaya ba.

Ya yi shugabancin yadda ya iya. Idan ƙarami ya kawo aikin da bai yi ba, maimakon ya zaunar da shi, sai ya bari dare ya yi ya sake rubutawa da kansa. Ƙaramin ya zo da safe ya tarar an share aikinsa ba bayani. Ɗaya daga cikinsu ta kai ƙara sashen ma'aikata a Afrilu, ta ce Oga ba ya faɗa, ba ya zagi, amma wata biyu ba ta koyi komai ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne. Alan Benson, Danielle Li da Kelly Shue sun wallafa bincike a 2019 kan masu tallar kaya a kamfanonin Amurka sama da 100, suka nuna cewa wanda ya fi iya sayarwa shi ake yawan ɗagawa zuwa manaja, alhali ƙwarewar sayarwa ba ita ke nuna wanda zai iya riƙe mutane ba. Fannin daban ne, tarkon ɗaya ne.

A takardar Afrilun 2024 yawancin amsoshinsa 2 ne, wato sau ɗaya a wata ko ƙasa da haka. A Mayu ya nemi a sauke shi, ya kuma faɗa a fili cewa yana ganawa da wani kamfanin waje da ke biyan dala.

## Gano bakin zaren: Mayu da Yunin 2024

Sabuwar shugabar sashen ma'aikata ta zauna da shi sau uku, ba tare da shugaban sashensa ba. Ba ta tambaye shi ko yana jin daɗin aiki ba. Ta raba maganar gida huɗu, bisa rabon da masu bincike Qingxiong Weng da James McElroy da abokansu suka yi wa ci gaban sana'a a 2010: kusantar burin da mutum ya sa wa kansa, ƙaruwar ƙwarewa, saurin ƙarin girma, da ƙaruwar albashi. Sai ga shi kamfanin ya taɓa biyun ƙarshe, bai taɓa tambaya kan biyun farko ba. Da ta tambaye shi inda yake son ganin kansa bayan shekara uku, ya ce yana so ya zama wanda ke zana yadda manyan tsare-tsare za su haɗu, ba mai riƙe mutane ba. Da ta tambaye shi yaushe rabonsa da koyon sabon abu a bakin aiki, ya ce Maris ɗin 2023.

Masaniyar halayyar ɗan'adam Judith Bardwick ta bambance tsayawar ci gaba iri uku tun 1986, biyu daga cikinsu sun shafi aiki kai tsaye: wadda matakan girma suka ƙare, da wadda aikin kansa ya daina koya wa mutum komai. Duka biyun sun haɗu a kansa.

Ta sa ya rubuta yadda kowace awa ta tafi har mako huɗu. Wajen kwana uku cikin biyar suna tafiya a tsohon tsarin, kwana ɗaya a taro, ragowar a amsa tambayoyin sashen lissafi. Bai rubuta sabon abu ko ɗaya ba. Aka kuma duba kiran dare na wata uku, aka ga mafi yawansu daga fayilolin bankuna biyar suke, kuma kusan babu wanda ba zai iya jiran safiya ba.

## Abin da aka gyara: Yuni zuwa Satumban 2024

An fara da sauke masa shugabancin rukuni ba tare da an taɓa albashinsa ba, aka sanar cewa zaɓinsa ne, domin kada a ɗauka ladabtarwa ce.

Sannan aka rubuta matakai, shafi uku kacal. Mataki huɗu a hanyar fasaha, bisa faɗin abin da mutum yake ɗauka: na farko yana kammala aikin da aka yanka masa, na biyu yana riƙe tsari guda daga farko zuwa ƙarshe, na uku yana yanke shawara kan tsarin da wasu ke aiki a kai, yana kuma ɗaga na ƙasa, na huɗu yana zana abin da ya ratsa tsare-tsare da yawa. Hanyar manaja tana rabuwa daga mataki na uku, kuma albashin hanyoyin biyu daidai yake, in ba haka ba kowa zai gudu manaja ko bai iya ba. Kwamitin mutum uku ne zai zauna a Afrilu da Oktoba, wanda aka hana kuma a ba shi dalili a rubuce. Aka sa sharaɗi ɗaya da ya shafe shi kai tsaye: ba a hawa mataki na huɗu sai tsarin da mutum ya gina ya yi mako biyu yana gudu ba shi. A da rashin wanda zai maye gurbinsa ne darajarsa, yanzu ya zama abin da ke tare masa hanya.

Miƙa tsarin ya ɗauki mako 12, da injiniyoyi biyu da aka janyo daga aikin rance. Wannan ya jinkirta rancen da kusan wata biyu, kuma shugaban sashe bai so ba. Sai da aka kai maganar gaban shugaban kamfani. A mako huɗun farko shi yake gyara suna kallo, amma su ne suke rubuta takardar matakan gyara, ba shi ba. Dalili kuwa, wanda ya san abu sosai yana tsallake matakin da yake ganin kowa ya sani, mai koyo ne yake gane inda aka yi tsalle. A mako huɗu na biyu su suke gyara, yana zaune a gefe, an hana shi taɓa kwamfutar. A na ƙarshe wayar dare tana hannunsu, ba a kiransa sai sun yi minti 30 sun kasa.

A tare da haka aka fitar da ƙa'idojin bankuna daga cikin kod, kowane banki ya samu ƙaramin fayil nasa da ke bayyana jerin ginshiƙai, tsarin kwanan wata da tsawon lamba. Aka tara tsofaffin fayilolin da suka taɓa karya tsarin a matsayin gwaji, bayan an goge sunaye da lambobin asusun mutane, kamar yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta tanada. Aka kuma sa mai gadi a ƙofa: idan fayil ya zo da ginshiƙan da ba su dace ba, a ajiye shi gefe, a ci gaba da sauran bankuna, a aika saƙon da za a gani ƙarfe bakwai na safe.

A mako na shida aka yi ɓarna. Wani banki ya aiko fayil ɗaya sau biyu da suna daban, sababbin suka gudanar da duka biyun, aka mayar wa wasu kwastomomi kuɗi sau biyu. An kwashe kwanaki ana bin kuɗin, wasu ba su dawo ba. Da shi ne da ya gane daga girman fayil ɗin, abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba saboda bai san cewa yana dubawa ba. Shugaban sashe ya ce a mayar masa da wayar. Shi ma injiniyan haka ya so. A zaman da aka yi da shi ya amsa cewa yana tsoro: a shekarar da kamfanonin fasaha suke rage ma'aikata, wanda ba a iya yi sai da shi ne kaɗai yake barci da ido biyu rufe, yanzu kuma ana so ya miƙa wannan kariya da hannunsa. Masanin halayyar ma'aikata William Kahn ya rubuta tun 1990 cewa mutum ba ya zuba kansa a aiki sai ya ga ma'anarsa, ya samu aminci, yana kuma da sauran ƙarfi. Amincin ne ya girgiza a nan. Aka ba shi takarda mai sa hannun shugaban kamfani da ta ambaci aikin da zai koma, ranar farawa da wa'adinsa. Aka ƙara wa tsarin matakin gane fayil ta abin da ke cikinsa ba ta sunansa ba. Wayar ta zauna inda take.

A Satumba ya tafi hutun mako biyu, aka rufe masa hanyar shiga saba. Ba a kira shi ba.

## Sabon aiki da sakamako: Oktoban 2024 zuwa Afrilun 2025

Aikin da aka ba shi shi ne sake zana babban kundin kamfanin, ta yadda kowace naira za ta kasance da inda ta fito da inda ta shiga a rubuce lokaci ɗaya, kuma POS, manhajar waya da rance duk su rubuta a wuri guda. Wa'adi wata shida. An bar masa kwana ɗaya a mako don tsohon tsarin, aka janye shi bayan wata uku. Tun da babu wanda ya fi shi a cikin gida, aka ɗauko wani gogaggen injiniya daga waje, ana biyansa awa biyu a wata ya karanta zanen ya tsefe shi. Zanen farko ya dawo da jan alƙalami ko'ina: bai tanadi abin da zai faru ba idan saba ta mutu a tsakiyar rubuta ciniki. Rabon da wani ya nuna masa kuskure a aikinsa an yi shekaru, kuma abokan aikinsa sun ce a makon ne suka ga ya dawo yana zana abu a allo yana jayayya.

Shugaban sashe ya fara zama da shi minti 30 duk wata, da takardar matakan a gabansu, ana rubuta abin da ya cika da abin da ya rage. Kwamitin Oktoba ya hana shi mataki na huɗu, da dalili a layi uku: ya cika sharaɗin mako biyu, amma babu tukuna zanen da ya ratsa tsare-tsare kuma ya shiga aiki. Bai ji daɗi ba, bai kuma yi fushi ba. A takardar watan amsoshinsa 3 da 4 ne.

A Janairun 2025 ɗaya daga cikin biyun da aka koya wa tsarin ya samu aikin dala ya tafi. Wanda ya maye gurbinsa ya karɓi wayar dare cikin mako biyar, da takardar matakan gyara a hannu. A Maris kashin farko na sabon kundin ya fara aiki. A Afrilu kwamiti ya ba shi mataki na huɗu. Tambayoyin alfahari da nutsuwa sun koma 5, na kuzari sun tsaya a 4. Bitar kod mai tsawo ta dawo, zaman Juma'a ma ya dawo, sai dai yanzu karɓa-karɓa ake yi. Bai karɓi aikin wajen ba, amma ya gaya wa shugabar sashen ma'aikata cewa ba zai yi alƙawarin abin da ya wuce shekara ɗaya ba, domin tazarar albashin naira da na dala tana nan.

## Hukunci

Yawan aiki ba shi ya kashe masa jiki ba. Watannin ƙarancin kuɗi sun fi kowane lokaci nauyi, a lokacin ne kuma ya fi duƙufa, saboda matsalar sabuwa ce kuma yana ganin amfanin abin da yake yi a ranar. Abin da ya cinye shi maimaici ne da ba ya kaiwa ko'ina, haɗe da ganin an wuce da sabon aiki ta gabansa saboda ya iya tsohon.

Ƙarin albashin ba kuskure ba ne. Da ba a yi ba da ya tafi tun farkon 2024, kafin a kai ga gano komai. Kuskuren shi ne zaton cewa abin da ya hana mutum tafiya zai dawo masa da zuciya kan aiki. Kwas ɗin kuma asara ce a yadda aka ba da shi, tun da ba a haɗa shi da aikin da zai yi amfani da shi cikin wata ɗaya ko biyu ba. Muƙamin ya fi duka ɓarna, domin ya ci lokacinsa, ya kuma tauye mutum huɗu.

Cikin abubuwan da suka yi aiki, miƙa tsarin ne ginshiƙi, kuma jerin da aka bi yana da muhimmanci. Da an ba shi sabon kundin alhali wayar dare tana aljihunsa, da an maimaita labarin muƙamin Fabrairun 2024. Da an karɓe tsohon tsarin ba tare da takardar da ta nuna inda zai koma ba, da ya ɗauka shirin korarsa ake, kuma da ya ɓoye abin da ya sani. Matakan da aka rubuta amfaninsu ya fito ne ranar da aka hana shi: hani mai dalili a rubuce ya ba shi abin da zai bi, wanda "a ƙara masa lokaci" ba ya bayarwa. Wani ɓangare na dawowar kuzarinsa barci ne kawai, ba ci gaban sana'a ba, kuma da mai gadin ƙofar nan na fayiloli da an samu wannan tun 2021 a aikin 'yan kwanaki.

Akwai kuma abin da ya kamata shugabannin sashe su lura: duƙufarsa ce ta jefa shi ramin tun farko. Wanda ya fi himma shi ake ba matsala mai wuya, ya warware ta shi kaɗai, ya zama shi kaɗai ya san ta, daga nan a ƙi matsar da shi. Da shugabar sashen ma'aikata ta bi sauran injiniyoyin da tambayar wane tsari ne zai tsaya idan wane ya yi mako biyu ba ya nan, ta samu mutum biyu a irin wannan hali, ɗaya a kan hidimar USSD, wato lambobin da ake dannawa a waya masu farawa da tauraro, ɗaya a kan biyan wakilai. An fara mako 12 na miƙa tsarin na farkon a watan Mayun 2025. Na biyun an ɗage shi, saboda babu injiniyoyi biyu da za a iya janyewa a lokaci ɗaya.